Za ki RollerCon a karon farko? Fara da notin taya kafin tikitin jirgi

Wata ƙanwata da ke karatu a Amurka ta aiko min da wannan tambaya: "Yaya, wata 9 ke nan da na shiga ƙungiyar rola dabi ta garin da nake. Bana abokan wasana sun matsa sai mun je RollerCon. Wane kaya zan shirya, kuma me zan kiyaye don kada in dawo da sandar dogarawa? Sannan ina sa hijabi, ko zai zama matsala?"

Ƙanwata, hijabi ba zai hana ki ba, zan zo kansa. Amma bari in ɗan buɗe wa waɗanda ba su san wasan ba, tunda ba ke kaɗai za ki karanta ba. Rola dabi wasa ne na takalmin taya mai ƙafa huɗu, biyu gaba biyu baya, a kan fili mai siffar ƙwai, ana zagayawa ta hannun hagu. Kowace ƙungiya na sa mutum 5 a fili: mai tauraro a hula, wadda ita ce mai cin maki duk lokacin da ta wuce 'yar ɗaya ɓangaren bayan kutsawarta ta farko, sai mutum 4 masu tare hanya. Kowane karo ba ya wuce minti 2, hutun da ke tsakani daƙiƙa 30 ne, wasan gaba ɗaya minti 60 a rabi biyu. Leo Seltzer ne ya fara shi a Chicago a 1935, ya yi tashe ya lafa, sai matan Austin ta jihar Texas suka farfaɗo da shi a farkon shekarun 2000. Daga nan aka samu WFTDA, ƙungiyar da dokokinta ne mafi yawan masu wasa a shimfiɗaɗɗen fili ke bi. RollerCon kuwa taro ne na kwanaki da ake yi a Las Vegas ta jihar Nevada tun 2005, galibi wajen watan Yuli: darussa, wasannin gwaji, kasuwar kaya, da shagali har dare.

Na yi wasan, na kuma yi shekaru ina busa usur a cikinsa, kuma abin da nake so ki riƙe shi ne: haɗarin taro daban yake da na gida. A ƙungiyarku kociyarki ta san inda kika tsaya, ta san gwiwarki ta hagu ba ta son a matsa mata, ta san wadda bai kamata a haɗa ki da ita ba. Daɓen da kuke atisaye a kai ƙafarki ta haddace shi. A taro duk wannan babu. Za ki tsaya kafaɗa da kafaɗa da matar da ba ki taɓa gani ba, a kan daɓen da tayarki ba ta sani ba, a rana ta uku ta gajiya, kuma ba wanda zai duƙa ya murɗa miki noti. Raunukan da na gani a irin waɗannan taruka, da yawansu ba wani mugun duka ne ya kawo su ba. Kaya ne ya kwance, ko ƙafa ce ta gaji mai ita ta ƙi yarda.

Kayan da doka ta wajabta ba su da yawa: takalmin taya, hular kwano, robar kare haƙora, kariyar wuyan hannu, ta gwiwar hannu, da ta gwiwa. In ɗaya babu, ba ki shiga fili. Amma "ina da shi" da "yana aiki" magana biyu ce.

Hular kwano ita zan fi daɗewa a kai, domin a nan aka fi yaudarar sababbi. Juya taki ki duba cikinta. In abin da ke ciki soso ne mai laushi kawai wanda yatsa ke nutsewa, wannan hula ce ta ado da tsotse gumi, ki ajiye ta. Wadda ake so tana da wani abu mai tauri a ciki, irin wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali amma ya fi shi ƙarfi, kuma za ki ga takardar shaida a manne. A Amurka ki nemi mai ɗauke da shaida biyu, CPSC da ASTM F1492. A Turai lambar ita ce EN 1078. Wasu na sa hular hokin ƙanƙara mai shaidar HECC, ita ma ta yi. Yadda abin nan mai tauri ke aiki shi ne ya murƙushe a madadin ƙoƙon kanki, kuma in ya murƙushe ba ya komawa. Saboda haka hular da ta taɓa shan mugun bugu ta gama aikinta ko da waje na sheƙi. Ki cire soson ciki ki haska fitilar waya, ki nemi tsaga ko wurin da ya loɓa. Wajen zama kuwa, bakinta ya tsaya kamar faɗin yatsa biyu sama da gira, kada ta koma ƙeya kamar ɗaurin ɗankwali. Igiyoyin su haɗu daidai ƙarƙashin kunne, ta haɓa kuma yatsa ɗaya ko biyu kawai ya iya shiga. Ki girgiza kai tun ba ki ɗaure ba; in ta yi rawa, ta yi miki yawa.

Nan hijabinki ya shigo. Mata masu lulluɓi suna wannan wasa. A Alƙahira an kafa ƙungiyar CaiRollers a 2012, kuma a cikinsu an yi masu sa shi. Sharaɗi biyu ne. Na farko, babu fil ko allura ko ɗaya, ko ta ƙarƙashin haɓa ko ta gefen kai. Ki samo hijabin wasanni mai zurawa, siriri, marar jela, ki cusa bakinsa cikin riga yadda ba yatsan da zai maƙale ya ja miki wuya. Na biyu, ki gwada hular da hijabin a kanki da irin kitson da za ki je da shi. Shuku ko tulin gashi a tsakar kai na ɗaga hula ya bar goshi a fili. A yi miki kitso kwantacce wanda ya sauka ƙasan ƙeya. 'Yan kunne, zobe, sarƙa da abin hanci duk su zauna a ɗaki, farce kuma a yanke.

Robar haƙora: ki tafi da biyu. Ƙarama ce, tana ɓata, kuma irin wadda ake narkarwa a ruwan zafi a daidaita da baki, kamar SISU, zafin mota a Las Vegas ya isa ya lanƙwasa ta. Ki tabbata kina iya magana da shan ruwa da ita a baki, domin in tana damun ki za ki riƙa tofar da ita, alhali a cikin wasa sai kin zauna a kujerar horon masu laifi ake yarda ki cire.

Kariyar gwiwa ki gwada ta haka: ki ɗaura, ki durƙusa da ɗan ƙarfi a kan siminti. In kika ji ƙasa a ƙashinki, soson ya mutu. Ki duba kwanon robar da ke gaba ko ya tsage ko ƙusoshinsa sun fito, domin wannan wata zai yanka, ba ke ba. Maɗaurin da ya daina kamawa a sake shi tun a gida, salatif na ranar gaggawa ne. Ta wuyan hannu kuma ki zaro ƙarfen ko robar da ke tafin hannu ki gani ko ta karye a ciki. In kina yawan faɗuwa ta baya, gajeren wando mai soso zai cece ki daga ciwon ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, wanda ke hana mutum zaman kujerar jirgi.

Yanzu takalmi. Kasuwar taron za ta ja ki, za ki ga Riedell da Bont da Antik a jere, kuma wuri ne mai kyau na gwada girma tunda masu ƙerawa na wurin. Ki saya in kina da hali, amma ki sa a akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon takalmi na bukatar makonni kafin ya bi ƙafa, kuma bororo ɗaya a diddige ranar farko zai canza yadda kike taka ƙafa, daga nan gwiwa da idon sawu su biya bashin.

Mako biyu kafin tafiya ki shimfiɗa jarida ki kwance takalmin. Taya 8 ne, kowace da boris 2, 16 ke nan. Ki juya kowace ki saurara. Wadda ke ƙara kamar an zuba mata yashi a wanke boris ɗinta a ɗiga mai, ko a canza. Ki san girman sandar tayarki: mai milimita 8 tana ɗaukar boris mai lamba 608, mai milimita 7 kuma 627. Kada ki ari na wata ba ki duba ba. Notin da ke riƙe taya yana da zoben roba a cikinsa, shi ke hana shi warwarewa. In kina iya murɗa shi da yatsu har ƙarshe, robar ta cinye, ki sa sabo. Kuɗinsa bai kai na shayi ba. A ɗaure shi har taya ta daina kaɗawa gefe da gefe amma tana juyawa sakayau. Sai ki kifa takalmin ki duba bushin, wato robobin da ke tallafe ƙarfen taya, ko sun fashe ko sun baje, da ɗan kofin robar da hancin ƙarfen taya ke zama a ciki. Wannan kofi ba mai tuna shi sai ya huje. Ki kama farantin ƙasa da hannu ɗaya, takalmi da ɗaya, ki murɗa; in akwai motsi, notocin da suka haɗa su sun saki.

Birkin gaba, robar nan ta hancin takalmi, shi ya taɓa kunyata ni. A wani taro, ina kan gudu a kan yatsu zan kutsa tsakanin mutum biyu, sai na dama ya fice ya gangara. Na taka wurin da nake zaton akwai birki na tarar da iska. Ni haɓa na fasa, amma abin da ya fi damu na wata baiwar Allah da ke bayana ce ta taka shi ta yi targaɗe, taronta ya ƙare a ranar. Laifina ne, kwana uku ina wasa ban sa masa alanki ba. Tun daga nan kowace safiya, da kuma kafin kowane wasa, sai na bi birki biyu da noti takwas da hannu, abin da bai kai minti biyu ba. Ki kuma lura kada ki zaro birkin da yawa har ya zama zare kaɗan ne ya rage a cikin ramin.

Taya ita ce abin da ya fi bambanta taro da gida. Lambar da ke jikinta mai harafin A taurinta take nunawa: 78A mai laushi ce ta titi, mafi yawan na wasa suna tsakanin 88A da 97A. Daɓe mai santsi, kamar gogaggen siminti mai ƙura, yana son taya mai laushi don ta kama. Daɓe mai kamu, kamar wasu fale-falen roba da ake shimfiɗawa a manyan zauruka, yana son mai tauri don ta ɗan zame. Mutane sun fi tsoron santsi, ni kuwa na fi tsoron kamu. In ƙasa ta yi santsi faɗuwa za ki yi, kayan kariya su karɓa. In ta kama fiye da kima, kika juya ƙafa za ki tsaya, taya ta tsaya cak jiki ya ci gaba, idon sawu ne zai karɓi nauyin, kuma karayar idon sawu sananniya ce a wasan nan. Ki tafi da jeri biyu, ɗaya ƙasa da wanda kika saba, ɗaya sama. Mai nauyin jiki takan bukaci mafi tauri fiye da siririya a daɓe guda, saboda haka kada ki kwaikwayi lambar ƙawarki kawai. Kafin ki shiga kowane karo a filin da ba ki sani ba, ki yi zagaye kaɗan, ki gwada tsayawa iri-iri a hankali. Kuma ki goge tayoyin da tsumma kowane dare.

A jaka: sifanar takalmi, alanki daidai birkinki, noti da boris na ajiya, igiyar takalmi, salatif, filasta, safa fiye da yadda kike zato, riga baƙa da fara masu lambarki a baya da manyan haruffa, da alƙalamin rubuta lamba a damtse. Wasannin gwaji da baƙi da fari ake raba su, kuma ba a maƙala lamba da fil. A jirgi, takalmi da hula su bi ki ciki. Hukumar binciken filayen jirgin Amurka ta yarda da takalmin taya a jakar hannu. Akwati na iya makara, kuma komai ana iya ara ban da abin da ya bi ƙafarki da kanki.

Kafin ki biya kuɗin komai, ki karanta sharuɗɗan masu taron na bana game da inshora da shekaru da matakin ƙwarewa, domin suna canzawa. WFTDA na da tsarin inshorar 'yan wasa a Amurka, amma kada ki ɗauka ya maye gurbin inshorar lafiyarki. Ki tambayi ta makarantarku a rubuce ko ta haɗa da wasan da ake karo da jiki, kuma ko tana aiki a wata jiha. Kin san kuɗin asibitin Amurka.

Maganar mataki kuwa, nan ne nake so ki ji ni da kyau. Darussa da wasanni ana raba su gwargwadon ƙwarewa, kuma sau da yawa ke za ki faɗi inda kike. Mai wata 9 sabuwa ce, ko da kin fi kowa a ajinku. A da akwai jarrabawar da aka sani ko'ina, har da zagaye 27 cikin minti 5; WFTDA ta daina tilasta ta, don haka "na ci jarrabawa" a wata ƙungiya ba lallai ya yi daidai da na wata ba. Ki tambayi kociyarki ta faɗa miki gaskiya: an sallame ki ki yi karo da cikakken ƙarfi? In ta yi jim, ki tsaya a darussan da ba karo da kuma na sababbi, za ki koyi abin da zai ishe ki shekara. Wadda ta shiga sama da matakinta ba kanta kaɗai take jefawa a haɗari ba, domin ƙwararru suna kai duka ne da zaton wadda ke gabansu ta san yadda ake karɓa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dokokin karo kin san su, amma a cikin baƙi ki ƙara tsanantawa. Ba a dukan baya, ba a taɓa kai da wuya, ba a taɓa ƙasa da tsakiyar cinya. Ba a duka da kai, da gwiwar hannu, da hannu daga gwiwa zuwa yatsu, ko da ƙafa. Ba a kai duka ana tsaye cak ko ana komawa baya saɓanin zagaye. Kowane laifi daƙiƙa 30 ne a kujera, na bakwai kuma ya fitar da ke daga wasan. A wasan gwaji, dukan farko ki sassauta ki ji nauyin mutum tukuna. In kika ji usur huɗu a jere karo ya ƙare, ki saki jiki amma kada ki miƙe tsaye sororo, domin akwai wadda ba ta ji ba.

In za ki faɗi, ki faɗi ƙarama: gaba, kan kariyar gwiwa, gwiwoyi ɗaya bayan ɗaya ba a tare da ƙarfi ba, hannu a dunƙule a jiki. Yatsun da aka baza a ƙasa taya ce ke bi ta kansu. Ki tashi da sauri, ki waiga kafin ki koma fili. Kuma kada ki jawo kowa don ki tsira.

In wata ta faɗi ba ta tashi ba, kowa ya durƙusa a gwiwa ɗaya ya ba masu jinya hanya. Kada ki cire mata hula, kada ki cire mata takalmi, kada ki ɗaga ta, ko ƙawarki ce. A doka, wadda aka tsayar da karo saboda rauninta sai ta huta karo 3 kafin ta dawo. Wannan mafi ƙaranci ne, ba shaidar lafiya ba ce. Hula na kare ƙoƙon kai daga fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki, kuma hakan na faruwa ko kai bai taɓa ƙasa ba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske, jin kamar kina cikin hazo, ko mance abin da ya faru: ko ɗaya kika ji, wasanki ya tsaya a ranar, sai ma'aikacin lafiya ya duba ki, kuma komawa mataki-mataki ake yi cikin kwanaki. In akwai amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashe ki, ciwon wuya ko mutuwar hannu, lambar gaggawa ta 911 za a kira. A kwanan farko ki guji asfirin da ibufurofen; farasitamol, wanda a can za ki same shi da sunan Tylenol, shi ake fara ba wa mutum. Na san abin da zuciya ke cewa: na biya kuɗin jirgi da otal, saura kwana biyu. Na ga masu ɓoyewa saboda wannan lissafi, kuma bugu na biyu a kan wanda bai warke ba ya fi na farko muni nesa ba kusa ba.

Saura zafi. Las Vegas a Yuli kullum tana wajen digiri 40, a Yulin 2024 ma ta kusa 49. Kada ki ce ai ke 'yar Arewa ce. Busasshen zafi ne irin na bazarar Sakkwato, gumi na bushewa kafin ki gan shi, cikin zaure kuma na'urar sanyi na ƙara busar da ke ba ki sani ba. Ki sha ruwa tun kafin ƙishi, ki haɗa da ruwan gishiri da sukari in kin yi wasa fiye da ɗaya, ki riƙa duba launin fitsari. In za ki bi masu yawon titi, sai da asuba ko bayan magariba, da taya mai laushi da cikakken kaya; kwaltar garin da rana tana ƙona fata in aka faɗi a kai. Garin shagali ne, kuma ba a hawa taya bayan an sha giya. In kika ji warinta a bakin wadda ke layi ɗaya da ke, ki gaya wa alƙalin wasa a asirce.

Jadawalin zai ba ki damar wasa biyar a rana. Ki ɗauki biyu, da darasi ɗaya na zaune, ki bar rana ta uku da sauƙi. Alamar da nake bi a jikina ita ce tsayawa: in na zo tsayawar da na saba yi ba tunani na ji ƙafa ta makara, na cire takalmi ke nan a ranar. Da dare ki fito da kayan kariya daga jaka ki baza su su sha iska, ki fesa musu ruwan khal da aka sirka, domin jiƙaƙƙen soso a kan ƙujewar fata shi ke kawo ƙurji mai ruwa. Ki rubuta sunanki, lambar wanda za a kira, da duk maganin da jikinki ba ya so a ɗan salatif, ki manna a bayan hularki, sannan ki nuna wa ɗaya daga cikin abokan tafiyarki inda katin inshorarki yake.